Kawu Boleh da Wasiyyarsa Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna ya rasu a Kuala Lumpur a tsaye, da yadi a hannunsa, yana auna wa wata 'yar kasuwar Kano a shagonsa na Jalan Masjid India. Ya ce mata ta ɗan dakata, ya dafa tebur, ya sulale ƙasa. Kafin motar asibiti ta keta cunkoson layin nan, mai aukuwa ta auku.

Ni ɗiyar yayarsa ce. A gidansa na Danau Kota na sauka da na zo karatu, kuma ko da na yi aure na tare, tsakanin gidana da nasa tafiyar ƙafa ce. Ina rubuta wannan ne domin ina tsoron ranar da za a tambayi yaranmu na garin nan wane ne shi, su ɗaga kafaɗa su amsa da Turanci cewa ba su sani ba.

Zaman makokin ya rabu kashi-kashi, ba tare da wani ya raba shi ba. A falo dangin matarsa ne, Malay, sun zauna a ƙasa suna karanta Yasin da 'yar siririyar murya. A ɗaki mu ne matan Hausawa, matan ɗalibai da na malaman jami'a, ana ta "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri." A barandar waje kuwa Kiristocin Kaduna da Filato ne suka cika ta fal, sun tuɓe takalma sun tsaya, sun rasa ko su shiga ko su koma. Wani tsohon Ba'indiye mai kedai mamak, shagon shayin da Kawu yake karyawa kullum, ya hau benen da ƙatuwar tukunyar shayi, ya ajiye, ya tsaya yana share ido da gefen zaninsa. Wata mai saro hijabai ta bugo daga Kano tana tambayar inda kayanta suka tsaya, aka gaya mata, sai muka ji ta saki salati ta fashe da kuka, ba ta ƙara zancen kaya ba.

Ana cikin haka wayar wani likita ɗan Filato ta yi ƙara a baranda. Ƙarar kuwa jitar Kawu ce, farkon waƙar nan da duk Bahaushen garin ya sani. Na ga wasu a barandar sun sunkuyar da kai, leɓunansu na motsi. Sai wata Hajiya, matar wani malamin jami'a, ta zabura daga ɗaki ta leƙo.

"Subhanallahi! Kashe, bawan Allah, kashe! Ko kwana bai yi a kabari ba za ku fara tura masa wuta?"

Likitan ya kashe, yana ba da haƙuri alhali bai san laifin da ya yi ba. Ɗiyar Kawu, ita kaɗai Allah ya ba shi, tana tsaye a tsakiyar falo da faranti cike da kofuna. Budurwa ce 'yar jami'a, haihuwar garin nan, Hausarta ba ta taka kara ta karya ba. Ta matso kusa da ni ta tambaye ni da Turanci me matar ta ce. Na ce mata ba komai, surutun mata ne. Ta dube ni ta ce, "Yaya, na ji kabari. Na ji wuta."

Kun san yadda muke yi a gida. Mawaƙi ya mutu, kafin a dawo daga maƙabarta saƙo ya zaga wayoyi: don Allah duk mai waƙarsa ya goge, kada zunubi ya riƙa binsa yana kwance. Na sha ganin irin saƙon nan, na sha tura shi gaba ma ba tare da na tsaya tunani ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana a kan Kawuna zai faɗo ba.

Bari in koma baya, don wanda bai san shi ba.

Kawu ya zo garin nan yana saurayi, tun zamanin kaset, karatun lissafin kuɗi. A ɗakin kwanan ɗalibai ya haɗu da wani ɗan Filato, Kirista, mai karatun injiniya, wanda ya taso yana buga ganga a coci. Shi ne muke kira Baba Mai Ganga har yau da furfura ta cinye masa kai. A lokacin kiɗan rok ya kama samarin Malay kamar zazzaɓi, kowa ya tara gashi ya rataya jita. Kawu ya ari jitar wani, ya koya har yatsunsa suka yi kanta. Suka jawo wasu Malay biyu, suka zama su huɗu, suka sa wa kansu suna Ƙarar Kwano. Abin da ya bambanta su da kowa shi ne Kawu ya ce shi da Hausa zai yi ihunsa, wanda ya ji ya ji.

Ban ga wannan zamanin ba, a bakin Baba Mai Ganga na ji shi. Ya ce sun naɗi faifansu na farko a wani ɗakin naɗa da ke saman shagon faci, rufin kwano ne, kuma ranar aka tsuge da ruwa irin na garin nan da ba ya sallama. Mai naɗin ya ce su tashi su dawo wata rana domin ruwan yana shiga kaset. Kawu ya ce a bar shi ya shiga, ai shi ma ɗan ƙungiya ne. Shi ya sa duk wanda ya saurari faifan zai ji ruwa a ƙarƙashin kowace waƙa. Suka sa masa suna Ruwan Garin Wasu.

Ba a saye shi ba, gaskiya ɗaya ce. Malay ba su jin abin da yake faɗa, Hausawa kuma suka ce wannan ai hayaniya ce, ina kalangu ina garaya. Kwalin kaset ɗin ya daɗe a ƙarƙashin gado. Amma abin Allah, sai ya fara yawo da ƙafarsa. Baƙon ɗalibi ya sauka, kewar gida ta shaƙe shi, wani ya miƙa masa ya ce saurari wannan. Daga kaset ya koma faifan CD, daga nan ya shiga waya. Akwai waƙar wanda shinkafa ta ishe shi safe da yamma yana mafarkin tuwo, wadda ake sa wa a sha dariya. Akwai kuma wadda ba a dariya a kanta, wadda Kawu ya yi wa wani abokinsu ɗalibi da ya rasu aka binne shi a nan domin babu halin kai shi gida:

Wa zai kai ni gida in ƙafa ta ƙi?
Ku gaya wa Inna ƙasar nan ma ta Allah ce.

Ita ce ta zama ta kowa. In ɗan Kaduna ko Filato ya mutu a garin nan, Kiristoci sukan rera ta bayan waƙoƙin cocinsu. Musulmi ba ma rerawa a makoki, amma wallahi na san matan da suke kunna ta a kicin su yi kukansu su share ido kafin maigida ya dawo. Mu da muke raba layi a gida, muke raba kasuwa, muke raba unguwa, a nan abu guda da muka haɗa ba a yi mana wa'azinsa ba shi ne wannan faifan.

Lokacin da na zo na tarar da wani Kawu daban. Ya aske gashin, ya yi tumbi, ya je Makka, ya zama dillalin yadi da hijabai ga 'yan kasuwarmu. Jitar tana saman kabad cikin jakarta, ƙura ta yi mata riga. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, ashe dai an tuba." Ya yi dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa ya ce, "Ke dai ci abinci, makan, makan. A bar kaza cikin gashinta."

Ana kiransa Alhaji Boleh. Boleh a bakin Malay shi ne "zai yiwu," kuma ban taɓa ganin mutumin da kalma ta zauna masa kamar yadda wannan ta zauna wa Kawu ba. A tarbo wance a filin jirgi, boleh. A nemo wa wane ɗaki, boleh. A raka mai haihuwa asibiti domin mijinta yana jarrabawa, boleh lah. Sai ya ce boleh wa mutum biyu a lokaci guda a unguwa biyu, sannan ya zo yana zufa yana neman wanda zai tura wa ɗayan. Matarsa takan riƙe ƙugu ta ce wata rana boleh ɗin nan zai kashe shi. Ni kuma nakan ce masa, "Kawu, a'a ba zagi ba ce, ka gwada ta sau ɗaya ka ji." Ya ce, "Ɗiyata, in ka ce wa mutum a'a a garin da ba shi da kowa, ina zai kai ta?" Ba ya iya ganin fuska ta ɓaci a gabansa. Wannan ne alherinsa, kuma shi ne ya bar mana abin da ya bar mana.

Sau ɗaya tak aka san ya ƙi lanƙwasa, shi ma da babban amininsa. Ana shirin faifai na biyu rikici ya ɓarke a gida, irin wanda muka saba, aka kashe ƙanin Baba Mai Ganga a hanyar kasuwa. Suna zaune a mamak, Baba Mai Ganga ya dube shi da jan ido ya ce, "Mutanenku sun kashe mini ƙani." Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Mutanena? Ni da kai muke cin kwano ɗaya, yau ni ne mutanenku?" Magana ta yi zafi, aka tuno na wane da aka kashe a ɗaya ɓangaren, aka faɗi abin da ba a janyewa. Ƙarar Kwano ta watse a kan teburin nan. Faifai na biyu bai zo duniya ba, na farko ya zama shi ne na ƙarshe. Suka yi shekaru in sun haɗu a LRT, jirgin ƙasan cikin gari, kowa sai ya kalli taga.

Abin da ya gyara su mutuwa ce. Matar Baba Mai Ganga ta yi doguwar jinya ta rasu, ta bar shi da yara a gidansu na Sri Petaling. Ba wanda ya aika wa Kawu. Kawai aka ga ya bayyana da ledar tapau, abincin da ya sayo aka ƙunsa masa, ya ajiye a tebur, ya zauna a ƙasa kusa da amininsa. Gobe ya dawo. Jibi ya dawo. Ranar jana'iza ya shiga coci da hularsa a kai, ya sa kafaɗa aka ɗauki akwatin da shi. Wannan da idona na gani. An yi ta maganarsa a masallaci, har wani ya tare shi ya ce Alhaji wannan bai dace ba. Kawu ya ce, "Na ji, Allah ya saka da alheri," ya wuce. Washegari ya sake ɗaukar tapau ya nufi Sri Petaling.

Ɗiyar Kawu kuwa, a faifan nan ta koyi Hausa. Uwa Malay, makaranta Turanci, uba kullum yana yawon boleh. Abin da ya zauna da ita shi ne kaset. Tun tana rarrafe uwarta ke kunna mata shi ta yi barci. Shi ya sa Hausarta ta fito da wani irin salo, kamar mai waƙa. Tana ƙarama in tana jin yunwa sai ta ce, "Yunwa ta ci ni a garin shinkafa," mu kwashe da dariya. Taubashiyata ce, don haka ban taɓa raga mata ba, Hausar Kaset nake kiranta. Ita kuma ta ce aƙalla tata Hausar tana da jita. Har ta girma, kullum da safe a hanyar makaranta muryar ubanta ce a kunnenta. Ba ta taɓa zuwa Najeriya da wayonta ba. Duk abin da ta sani na Kaduna, daga ƙarƙashin ruwan kwanon nan ta ji shi.

Ni ce na ɗora faifan a intanet. Na ga kaset ɗin asali ya fara cin kansa, na ce Kawu in buɗe shafi in zuba, ya ce boleh. Tun daga nan makullin shafin yana hannuna, kuma daga can ne kowa yake ɗauka, har samarin da ba a haife su ba lokacin da aka naɗa.

To, washegarin rasuwa Mama ta kira ni daga Kaduna. Mama ita ce yayarsa, ita ta goya shi bayan rasuwar kakata. Muryarta ta dusashe don kuka.

"An ce makullin abin nan yana hannunki."

Na ce, "E, Mama."

"Ki goge."

Ta ƙara da cewa, "Kina jina? Da ya zo gida bayan Hajjinsa na zaunar da shi a ɗakina, na ce ka yi mini alkawari. Da bakinsa ya ce, to Yaya, in na mutu a goge. Wasiyya ce. Kada ki bari a ƙona mini ƙani."

Na ce, "Mama, ai ba batsa a ciki. Ko kalma ɗaya. Kewar gida ce kawai."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa abin da ke ciki?" Sai ta karanto mini baitin Inna daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko harafi ba, ba rerawa ba, karantawa. Ashe lokacin da Kawu ya aiko kaset gida kakanmu ya taka nasa da ƙafa ya ce ba a gidansa ba, ita kuwa ta ɓoye nata a ƙasan adaka. Duk shekarun da ba ta ganinsa, in kewarsa ta dame ta sai ta kulle ɗaki ta kunna a hankali. Ban taɓa sani ba, ni da na tashi a ɗakin. Ta ce, "Jiya da aka gaya mini, na ciro shi na sa a murhu da hannuna. Kin ɗauka daɗi na ji? Ni na haƙura da muryarsa don ya kwanta lafiya, ke ma ki haƙura."

Wallahi da faɗa ta yi mini da na san yadda zan yi da ita. Ni ba a fi ni baki ba, kowa ya sani. Amma me za ka ce wa wadda ta riga ta ƙona nata?

Bayan addu'ar uku Baba Mai Ganga ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa, sandarsa tsakanin ƙafafu, ya ce yana so a shirya taro a tuna da amininsa, a kira samarin Malay ɗin nan masu kiɗan rok da suka taɓa zuwa neman izinin buga waƙarsa, a yi faifan gaba ɗaya daga farko har ƙarshe. Na gaya masa abin da Mama ta ce. Tsohon nan ya dube ni kamar na mare shi.

"A goge? Wa ya ce?"

"Shi ya ce, Baba. Ya yi wa Mama alkawari."

"Ƙarya ne!" Ya buga sandar a ƙasa, sannan ya kama bakinsa. "Yi haƙuri, ɗiyata, ba uwarki nake nufi ba. Amma ranar da yaran nan suka zo, bayan sun tafi, muna zaune a mamak ya kama hannuna. Ya ce, ɗan'uwa, in na riga ka, kada ka bari abin nan ya mutu, shi kaɗai ne na yi a duniya da ya fi ƙarfina. Na rantse da Allahn da zan koma gare shi haka ya ce."

Na san Mama ba ta ƙarya. Na san Baba Mai Ganga ba ya ƙarya. Kuma na san Kawuna. Yayarsa ta zauna gabansa da hawaye, ya ce boleh. Amininsa ya zauna gabansa da farin ciki, ya ce boleh. Wataƙila duka biyun har zuciyarsa ya faɗe su, domin mutum yana iya tsoron kabari kuma yana son abin da hannunsa ya yi. Amma na ji haushinsa, Allah ya sani na ji haushinsa, irin haushin da ake ji wa wanda ba zai ƙara amsawa ba. Kai Kawu! Duk boleh ɗin da ka yi a duniya ka samu mai rufa maka, wannan wa ka bar wa?

Matarsa ta kasa gane rigimar sam. Ta ce a wurinsu liman ma yana da waƙar rok da yake so tun samartaka. Ta ce da Hausarta ta koyo, "Murya kaɗai ya bari. Me ya sa?" Amma ta ce ita ba za ta shiga tsakanin dangin miji da al'adarsu ba. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce kiɗa haramun ne, kuma duk wanda ya saurara akwai kason mai shi, gara a rufa masa asiri. Ɗaya ya ce malamai sun yi saɓani tun da can, ya tambayi abin da waƙoƙin suke faɗa, na gaya masa, ya ce shi bai ga abin tsoro ba, amma Allah ne masani. Na dawo gida gaba kura baya sayaki. A guruf ɗinmu na waya na 'yan Arewa kuwa an riga an kaure. Hajiyar nan ta tura saƙon a goge, wasu suna ta "an goge, Allah ya jiƙansa," wasu Kiristocin suka fice daga guruf ɗin ba sallama. Abin da ya haɗa mu shekara da shekaru, cikin mako guda ya zama abin da muke jifan juna da shi.

Mama tana kira kullum. Ba ta faɗa, tambaya kawai take yi, "An yi?" In ce tukuna. Ta ce, "To," ta ajiye. Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Duk wannan ana yi, ba wanda ya tambayi yarinyar. Ni ma na ɗauka ba ta bin zancen, tunda da Hausa ake yinsa da sauri. Sai uwarta ta gaya mini cewa tun ranar makoki ba ta ƙara sa abin sauraro a kunne ba. Tana tafiya makaranta a jirgi hannu rabbana, tana kallon taga.

Wata ranar Asabar da hantsi ta zo gidana ita kaɗai. Ta rame, idanun sun faɗa. Na ce Hausar Kaset, an tuna da mu? Ko murmushi ba ta yi ba. Ta zauna a bakin kujera ta ce in ɗauko kwamfuta. Ta yi maganar da Turanci, tana tsoma Hausa inda ta iya.

Ta ce ta ji duka, na Goggo da na Baba Mai Ganga. Ta ce ta yi ta juya abin. In Baba Mai Ganga ne da gaskiya muka goge, mun yi asarar waƙa. In Goggo ce da gaskiya muka bari, Babanta ne a ciki. Ta ce, "Yaya, ba zan iya caca da Baba ba."

Na ce mata malamai sun saɓa. Na ce ba batsa a ciki. Na ce Allah mai rahama ne, ya ga tapau ɗin Sri Petaling, ya ga duk wanda ubanta ya tarba a filin jirgi. Na faɗi duk abin da bakina ya iya, kuma bakina ya iya da yawa. Ta bari na gama, ta ce, "Kin tabbata? Ki ce wallahi kin tabbata ba ya jin komai." Na buɗe baki, wallahin ta ƙi fitowa.

Ta ce, "To goge."

Na kira Baba Mai Ganga a gabanta, domin ba zan yi a bayan idonsa ba. Na gaya masa abin da ta yanke. Sannan ya ce a ba ta wayar. Na ji yana cewa, "Ɗiyata, rabin kiɗan nan nawa ne, in akwai laifi a raba mana. Nawa kaset ɗin ba zan ƙona ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ke ce jininsa. Ba zan ƙara kunna shi ba sai ranar da kika ce." Ta ce, "Na gode, Baba." Ya fasa taron da ya shirya.

Na buɗe shafin. Hoton Kawu yana nan da tulin gashinsa, siriri, yana harara kamar wanda aka ci bashinsa. Na ce mata, "Mu saurari ɗaya, ta ƙarshe, sannan in goge." Har na kai hannu. Ta riƙe mini wuyan hannu ta girgiza kai. Ta ce ɗaya ma ɗaya ce.

Na goge. Abin bai ɗauki komai ba, kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata e. Ita kuma ta ciro wayarta ta goge nata ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda na taimaka mata ba. Na san akwai sauransa a wayoyin mutane, ban isa in bi kowa gida ba. Amma baƙon da zai sauka gobe ba zai same shi inda aka saba samu ba, kuma ita, wadda ta fi kowa buƙatarsa, ba ta da shi. Na aika wa Mama kalma biyu, an yi. Ta turo murya tana kuka tana sa mana albarka.

Na tashi na dafa shayi don in samu abin yi da hannuna, na kawo, ya huce ba wanda ya taɓa. Can na ga leɓenta yana motsi, sai ta yi sauri ta danne shi da tafin hannu. Ta ɗago ta dube ni, a tsorace, kuma wannan karon da Hausa ta yi tambayar gaba ɗaya, ba ta tsoma komai ba.

"Yaya, in waƙar ta zo mini a cikin kai fa? Ba na kunnawa, ita take zuwa. Shi ma ana rubuta masa?"

Ni ba malama ba ce. Ban tambayi kowa ba, ban buɗe littafi ba. Na kama fuskar yarinyar nan da hannu biyu na ce, "A'a. Wallahi a'a. Wannan naki ne, ba mai taɓa shi." Ta kifa kai a cinyata, kafaɗunta na rawa, na bar ta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka daga garin wasu, ka san shi fiye da mu. Ka yalwata masa makwanci, ka karɓi alherinsa, ka yafe masa abin da ya kasa cewa a'a a kansa. Rantsuwar da na yi wa marainiyarsa kuwa, in na yi kuskure, ka rubuta a kaina ni kaɗai.